Fayil ɗin Ciwon Yaya Asabe

Mijin yayata, Malam Inuwa, irin mutanen nan ne da idan ka shigo a guje ka ce masa gidansa ya kama da wuta, zai tambaye ka ko ka zo da maganar a rubuce. Shekara talatin da huɗu yana aiki a rajistar wata ma'aikatar gwamnati a nan Kaduna, ɗakin da ake karɓar wasiƙu a buga musu hatimi a tura su sama, har ya zama shi ne babba a wurin. Biro uku ne a aljihun rigarsa kullum, ja da baƙi da shuɗi, ko masallacin Juma'a da su yake zuwa. Ni Zuwaira ƙanwar matarsa ce, akwai wasa tsakaninmu, kuma na ci moriyar wasan nan yadda ya kamata. Abin da bai sani ba shi ne, rabin maganganun da yake yi wa dariya har cikin zuciyata nake faɗinsu.

Yaya Asabe ta shekara takwas tana fama da wani ciwo da ba ya kumbura, ba ya ja, ba ya kawo zazzaɓi. Yau wuya ne da kafaɗu, gobe ƙugu, jibi gwiwoyi, wata rana kuma duk su haɗu su yi mata taron dangi. Ta kwanta da gajiya, ta tashi da wadda ta fi ta. Sai ta zuba gishiri a miya sau biyu ba ta sani ba. Matar da keken ɗinkinta ba ya hutawa daga farkon azumi har jajiberin salla, ta koma ta lulluɓe shi da tsohon zani, aka mai da shi wurin kife kwanuka.

Matan Unguwar Kanawa kuwa, Allah ya ba su ilimin likitanci kyauta. Duk wadda ta shigo dubiya da sunan ciwon take shigowa. Wannan ta ce sanyi ne, waccan ta ce iska ce, wata ta rage murya ta ce hannu aka sa mata. Su sha kunu, su yi addu'a mai tsawo, da zarar sun kai zaure sai sunan ciwon ya zama ɗaya a bakinsu, wato son jiki. Wai ga mace jajir da ƙibarta, ta ce ba ta iya ɗaga bokiti. Da kunnena na ji, ba labari aka ba ni ba.

Malam Inuwa, a yi masa adalci, bai hana ta asibiti ba. Abin da ya iya shi ya yi, ya buɗe mata fayil. Fayil na gaske, mai ruwan ƙasa, da igiyarsa, da sunanta a bango da manyan baƙaƙe. Gwajin jini, gwajin fitsari, hoton ƙashi, duk takardar da aka ba su sai ya huda ta ya ɗaure, ya sa mata lamba da jan biro. Takardun nan kuma bakinsu ɗaya, ba a ga komai ba. Sai ya zauna a falo ya buɗe fayil a cinya, ita tana kwance a tabarma tana cije leɓe, ya ce, "To Asabe, shafi na goma sha bakwai ma ya ce lafiyarki ƙalau. Ni yanzu wa zan gaskata?"

Na ce, "Ka gaskata shafin mana, Malam. Ai shi yake tuƙa maka tuwo."

Ya yi dariya har da buga ƙafa.

Likita ɗaya ne ya taɓa kallon Yaya kafin ya kalli takarda, wani siririn mutum da bai daɗe da dawowa daga karatu ba. Ni na raka ta ranar. Ya sa babban yatsa ya rinƙa danna wasu wurare a jikinta, ƙeya, kafaɗa, gefen gwiwa, har wuri goma sha takwas, yana ƙirgawa. A goma sha biyar daga ciki sai da ta zabura. Ya ce ciwon nan yana da suna, faibiromayaljiya, jini ba ya nuna shi, hoto ba ya nuna shi, kuma ba ƙarya take yi ba. Yaya ta fashe da kuka a kan gadon, kuma ba zafin dannawar ne ya sa ta ba. Ya rubuta sunan a 'yar takarda, ya ba ta wasu ƙananan ƙwayoyi da suke busar mata da baki, su sa kanta ya yi nauyi har azahar. 'Yar takardar ta shiga fayil, amma Malam Inuwa ya rubuta a gefenta cewa babu hatimi.

Da aka zo bikin Sa'adiya, autarta kuma 'yarta mace guda, sai ciwon ya zaɓi makon ya kwantar da ita. Uwar amarya tana ƙuryar ɗaki, mu muna tsakar gida muna ta ba da uzuri. Ba ta tsaya a kan tukunya ba, ba ta tarbi baƙi ba, lefe ma a kwance aka nuna mata. Dangin ango, mutanen Mando, suka tafi da labarin wai uwar ce ba ta son auren. Wannan magana ta ci ta fiye da ciwon.

Shi ya sa da Sa'adiya ta samu ciki, a shekarar casa'in da huɗu, aka tsai da magana za ta zo gida haihuwar fari, Yaya ta kama hannuna ta ce, "Zuwaira, wankan jegon nan ni zan yi mata. Ba ke ba, ba ungozoma ba. Kwana arba'in, safe da yamma, da hannuna. Ban yi mata komai ba a bikinta."

Duk macen da ta taɓa yin aikin nan ta san ba na mai ciwon kafaɗa ba ne. A tafasa ruwa a babbar tukunya, a juye a baho, a tsoma damin ganyen darbejiya a ɗago shi da nauyinsa, a yi ta fyaɗa wa maijego har ruwan ya ƙare, sannan a koma a dama kunun kanwa. Yaya kuwa a lokacin buta ma da hannu biyu take ɗauka. Na ce mata to.

Maigidana direban babbar mota ne, yana kai shanu kudu ya dawo da katako. Ni kuma a gidanmu na Hayin Banki ƙuli-ƙuli nake yi da man gyaɗa. Da ya ga na yi kwanaki ba na cin abinci da kyau, ya tambaya, na gaya masa. Sai ya ba ni labarin wani tsohon direba abokin tafiyarsu da ciwon baya ya kusa sauke shi daga mota, yanzu kuwa yana nan yana tuƙinsa, don yana dafa wani ganye a cikin mai yana lasar kaɗan. Na ce wane ganye? Ya waiga ya dubi ƙofa sannan ya ce, "Wiwi."

Na ce a'uzubillahi. Ni da nake tsallake titi in na hango 'yan iskan bayan gareji da jajayen idanunsu. Na kwana uku ina a'uzubillahi. Ran na huɗu na je na iske Yaya tana son ɗaura ɗankwali ta kasa ɗaga hannu, na ɗaura mata, daga nan na wuce wurin siririn likitan nan ni kaɗai. Ya saurare ni har na gama, ya tashi ya tura ƙofa. Ya ce a ƙasashen Turawa an fara tace sinadarin da ke cikin ganyen ana yin ƙwaya da shi don masu ciwon daji, amma a kan irin ciwon yayata bai san wanda ya gwada ba tukuna. Ya ce yana iya juya wa mutum kai, kuma doka ba ruwanta da zancen ciwo. Da na miƙe ya ce, "Ni ban ce ki yi ba, Malama, kuma ba ki zo nan ba." Na ce ban zo ba.

Tafiyar maigida ta gaba ya dawo mini da shi a ƙunshe cikin tsohuwar safa. Na dafa shi a man gyaɗana da wuta kaɗan-kaɗan har rabin yini, na tace da sabon ƙyalle, na ɗura a kwalba. Na kai wa Yaya na ce maganin gargajiya ne, rabin ƙaramin cokali a kunu bayan isha'i, a kuma shafa a kafaɗa. Ta buɗe ta shinshina, ta dube ni, ta rufe ta ajiye.

Ba zan ce ta warke ba, don ba ta warke ba. Ciwon yana nan, sai dai ya ja baya ya ba ta wuri. Ta fara barci mai sunan barci. Ranar da ta yi zari ta cika cokalin, ɗaki ya juya mata har sai da ta riƙe gado, daga nan ta san iyakarta. Cikin wata guda ta kwashe kwanukan da ke kan keke, ta sa masa mai, ta ɗinka wa jaririn da ke tafe riguna shida. Matan unguwa suka ce ai dama sun faɗa, da ta ga jika na tafe ga shi ta ajiye son jikin.

Malam Inuwa ne abin ya dama. Ba sauƙin ne ya dame shi ba, fayil ne. Ya ja layi, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta cewa an samu sauƙi, ya zo gurbin sunan magani ya tsaya cak.

"Zuwaira, mene ne sunansa?"

"Man gyaɗa."

"Man gyaɗa da me?"

"Da ganye."

"Ganye ai ba suna ba ne. Zogale ganye ne, rama ganye ce."

"To rubuta rama."

Bai rubuta ba. Gurbin nan ya hana shi sakat. Ga shi kuma ya riga ya cika baki a ofis, ya gaya wa ogansa, Alhaji Sanda, cewa ya samo maganin da ya tashi iyalinsa. Shi ya samo fa. Alhajin kuwa ya ce tsohuwarsa na fama da gwiwa, a kawo masa sunan. Da mai hankali ne da ya kira ni gefe ya ce, Zuwaira, don Allah gaya mini gaskiya. Malam Inuwa sai ya faki idon Yaya ya tsiyayi man a wankakkiyar kwalbar maganin tari, ya liƙa mata lamba, ya sa aka buga masa wasiƙa a tafireta zuwa wani ɗakin gwaje-gwaje na gwamnati, yana roƙon a taimaka a sanar da shi sunan ganyen da ke cikin wannan mai da matarsa take sha kullum. Ya sa cikakken sunansa, da muƙaminsa, da lambar gidansa. Kuma da yake ƙa'idar aiki ta ce ma'aikaci ba ya rubuta wa wata hukuma kai tsaye, sai ya bi da wasiƙar ta hannun ogansa, wanda ke nufin amsa ma ta nan za ta biyo. Duk wannan ba mu sani ba sai daga baya.

Sa'adiya ta haifi namiji ranar wata Laraba, damina ta fara ja baya. Washegari na zo da niyyar taimako, Yaya ta ce in zauna in riƙe jariri. Daga inda nake ina hango su ta ƙofar banɗaki. Da na ga ta ɗago damin ganyen nan sama da kanta, ruwa na zuba, tururi ya rufe su, Sa'adiya tana ihu tana zillewa, ita kuma tana ce mata, "Zauna daidai, raguwa, ni nawa ruwan ya fi wannan tafasa," wallahi sai na sunkuyar da kai ina yi wa jariri wasa don kada su ga idona. Ranar suna Yaya ce tsaye a kan tukwane tun safe. Hajiya Uwani, uwar mijin Sa'adiya, ta zo daga Mando da zugarta, ta ga maijego ta murje ta yi kyau, ta ce lallai an iya jego a gidan nan. Yaya ta yi kwana uku tana maimaita mini maganar.

Ran kwana goma sha tara, ranar Litinin, wajen sha ɗaya na safe, an gama wanka ina tsince shinkafa, sai ga Malam Inuwa ya faɗo gida ba sallama. Mutumin da bai taɓa barin ofis kafin lokacin tashi ba. Hula a karkace, takarda a hannu.

Amsa ce ta zo, kuma ta hanyar da ya shimfiɗa mata ta biyo. A rajistarsa ta fara sauka, ma'aikatansa suka buɗe, suka karanta, suka buga hatimi. Ta hau wurin Alhaji Sanda, ta gangaro ta ofishin mulki, ta ratsa ɗakin masu tafireta. Sa hannu tara na ƙirga a gefenta. Shi mai wasiƙar shi ne na goma da ya gani, kuma, ku ji fa, sai da ya sa hannu ya rubuta kwanan wata tukuna gumi ya karyo masa.

Ya tsaya a tsakar gida ya karanta mana da Turanci, ya fassara. An samu sinadarin tabar wiwi a cikin man. Ana so ya yi bayani a rubuce cikin kwana biyu.

"Wiwi! A gidana! Saura mini shekara ɗaya in yi ritaya! Zuwaira, kin kashe ni."

Na ce, "Ni na aika da wasiƙa?"

"Ke kika kawo!"

"Ni na kawo, ban musa ba. Amma dubi matarka, Malam. Dube ta. Yaushe rabon da ka ga ta tsaya da ƙafafunta haka?"

Bai dube ta ba. Yana kallon takarda ya ce, "Asabe, ke ma yaudararki ta yi, ko ba haka ba? Faɗi in rubuta."

Mafita ya ba ta. Da ta ce e shi ke nan, laifi ya dawo kaina, ni kuwa a shirye nake in ɗauka. Yaya ta ajiye ludayin kunu ta goge hannu a zani ta ce, "Na sani tun ranar da ta kawo, Malam. Ina da hanci. Na yi istigfari na sha, don ina so in yi wa yarinyar nan wanka. Saura kwana ashirin da ɗaya. Ka bar mini su, daga nan ka zubar da hannunka."

Shekara talatin suna tare ban taɓa jin ta roƙe shi wani abu ba, ko da zani ne. Ya shiga ɗakinta ya ɗauko kwalbar, ya je bakin kwata ya tuntsurar, ya ɗauraye ta sau bakwai kamar kwanon da kare ya lasa. Sannan ya juyo ya ce idan abin nan ya ƙara shiga cikinta, a gidansa ne ko a wani gida, to a bakin aurenta. Sa'adiya tana bakin ƙofa da jariri a kafaɗa tana cewa, "Baba, don Allah," ko waiwaye bai yi ba, ya shige falo ya jawo fayil.

Amsar da ya rubuta ita ce abin da har yau na kasa yafe masa. Shi da kansa ya karanta mini ita washegari, yana jin daɗin Turancinsa. Ya ce matarsa ba ta da ciwon komai, ga takardun asibiti ashirin da shida a haɗe, kowace da hatiminta, sun tabbatar da haka. Ya ce danginta ne suka koya mata shan abin ba da saninsa ba, shi kuma da ya fara zargi, a matsayinsa na ma'aikaci mai kishin ƙasa, ya kai gwaji da kansa.

Na ce, "Ina takardar likitan da ya faɗi sunan ciwon?"

"Na zare ta."

"Don me?"

"Ba hatimi, Zuwaira. Ba a kai wa hukuma takarda ba hatimi."

Na ce, "Allah ya isa tsakanin yayata da kai." Ya ɗago yana jiran in yi dariya, ya ga ban yi ba, ya mai da ido kan takardarsa. A ofis kuwa aka karɓi bayaninsa, har aka ce ya kyauta. Aikinsa ya tsira.

Amsar ita ma ta ɗakin masu tafireta ta bi, ɗaya daga cikinsu kuwa katanga ce kawai tsakanin gidansu da na Hajiya Uwani a Mando. Kafin Alhamis labari ya gama gari, kuma ba a ce mai ciwo ta sha magani ba. Cewa aka yi uwar Sa'adiya 'yar wiwi ce, lafiyarta lau, mijinta da kansa ya rubuta ya sa hannu. Matan dubiya suka dawo, masu sanyi da masu iska da mai hannu aka sa mata, suka cika tabarma suna sannu, kowace tana leƙen fuskar Yaya. A zaure na ji wata tana cewa ita dama ta daɗe da lura da idanunta.

Ciwon bai yi gaggawa ba. Kwana biyun farko ta yi wankan, tana tsayawa a tsakiya ta dafa bango. A na uku barci ya ƙaurace mata, kafaɗun suka sandare. Na same ta a ɗaki na ce akwai saura a gidana, wa zai sani?

Ta ce, "Allah zai sani. Igiyar aure ce fa, Zuwaira. Kina so yarinyar nan ta yi arba'in uwarta tana zawarci?"

"To bar ni in karɓe ki, ko na yamma ne."

"A'a."

Ranar Juma'a Hajiya Uwani ta aiko mata biyu da goro da magana mai laushi. Wai ta yi kewar jikanta, wai gidan Mando ya fi iska, gobe da hantsi za a turo mota, a can za a ƙarasa wankan. Ɗayar ta kasa riƙe laushin, ta ce, "Kuma ai kunun mai shayarwa ba kowane hannu ya kamata ya dama shi ba." Na yunƙura, Yaya ta riƙe mini zani. Aka aika wa Malam Inuwa, uban yarinya, wanda kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a bari a cika arba'in yadda kowa yake yi. Ya leƙo daga falo ya gyara zaman biro a aljihu, ya ce ai hakan ma ya yi, Allah ya sa albarka, a gaida Hajiya.

Washegari na zo da sassafe na iske har ta hura wuta. Ban tambaye ta yadda ta yi ba, na dai ga sawun itacen da aka tura da ƙafa daga jikin bango har murhu. Ni na juye ruwan a baho, wannan kam ta yarda. Sa'adiya ta zauna a kan 'yar kujera, idanu a kumbure. Yaya ta tsoma damin ganye, ta ɗago shi zuwa ƙugu, hannun ya tsaya. Ta mai da shi ta sake, ya kai ƙirji, ya kuɓuce ya faɗa ruwa. Na miƙa hannu.

"Kar ki taɓa," in ji ta.

Muka tsaya haka, tururi na tashi, ita tana numfashi ta baki. Sai Sa'adiya ta ture kujerar gefe ta zauna a ƙasan siminti, ta duƙar da kai har bayanta ya dawo daidai gwiwar uwarta, yadda ba sai an ɗaga hannu ba. Yaya ta warware damin, ta zare 'yan rassa uku, da su ta yi wankan. Ba fyaɗawa take yi ba, shafawa take, ta tsoma ta shafa, ta huta, ta tsoma ta shafa. Ruwan da a da ake gamawa yana tururi sai da ya huce a baho. Can wajen ƙarshe Sa'adiya ta ce, "Umma, a hankali, ruwan nan da zafi." Ni kuwa ƙafata tana cikin ruwan da ke gangarewa, ko ɗumi babu.

Motar ta zo kafin sha ɗaya. Yaya ba ta iya rungumar jaririn ba, sai a cinya aka ɗora mata shi, ta tofa masa addu'a, aka ɗauke. Ni na raka su har titi, ni na ji gaisuwar matan Mando da ba ta wuce leɓe ba. Da na dawo na iske ta zaune a bakin murhu tana kallon itacen da ya rage a jikin bango, na kwana goma sha shida.

Akwai sauran ruwa a tukunya, wutar ba ta mutu ba. Na ce ta juya in gasa mata kafaɗun. Na tsoma tawul na matse, na ɗora a hankali, duk da haka sai da ta runtse ido. Hawaye suna zubo mata ba sauti, ni kuwa ban lallashe ta ba, don ni ma ba lallashin nake buƙata ba, wanda zan shaƙe nake nema.

Asabar ce, ba aiki. Daga falo muka ji an gyara murya.

"Asabe! Tunda baƙi sun tafi, in akwai sauran ruwan zafin nan a haɗa mini in watsa."

Na ajiye tawul, na cika baki da maganar da na daɗe ina tanadi. Kafin in furta, Yaya ta dafa kafaɗata ta fara ƙoƙarin miƙewa.